Fashin Baƙi: Ƙara wa Furosesar Kwamfuta Gudu, Ribarsa da Haɗarinsa a Ƙasa Mai Zafi

A shagunan tace fina-finai na Kano da Kaduna, da ofisoshin masu zanen gine-gine a Abuja, da wuraren da matasa ke taruwa domin wasannin kwamfuta a Legas, akwai koken da ake yawan ji: na'ura ta yi nauyi, aiki ba ya sauri. Mai tace bidiyon biki yakan zuba wa allo ido yana jiran kwamfuta ta gama fitar da aiki, mai biki na ta kiran waya, ga shi kuma babu tabbacin wutar lantarki za ta kai ƙarshen aikin.

Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, farashin kayan kwamfuta ya yi tashin gwauron zabo, saboda daga ƙetare ake shigo da su. Shi ya sa shawarar da ake yawan bai wa irin waɗannan mutane ita ce su ƙara wa furosesar da ke hannunsu gudu maimakon sayen sabuwa. Wannan dabara, da masu sana'ar ke kira obakulokin, gaskiya ce kuma tana aiki. Sai dai gudun da ake samu ba kyauta ba ne. Da wuta da zafi ake biyan kuɗinsa, kuma waɗannan abubuwa biyu su ne suka fi wahalar sarrafawa a Najeriya.

Abin da ake nufi da ƙara gudu

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ɗan falle ne na sinadarin silikon da ke ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira taransisto, waɗanda ke kunnuwa suna kashewa domin yin lissafi. Ba da ka suke aikin ba. Akwai wani agogo da ke ba su bugu, su kuma suna bin sa kamar yadda 'yan gayya ke bin kiɗan ganga a gona: kowane bugu, mataki guda. Ana auna yawan bugun da megahaz ko gigahaz. Gigahaz ɗaya na nufin bugu biliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda.

Daga lambobi biyu ake samun gudun furosesa. Ta farko ita ce bugun tushe, wanda a kwamfutocin zamani yake kan megahaz 100. Ta biyu ita ce lambar ninki. Idan lambar ninkin 45 ce, gudun ya zama megahaz 4,500, wato gigahaz 4.5. Wanda ya shiga shafin saiti na BIOS, wanda ke buɗewa kafin babbar manhaja ta tashi, ya mayar da 45 zuwa 48, ya ɗaga gudun zuwa gigahaz 4.8. A taƙaice wannan shi ne obakulokin.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa yana cikin yadda ake ƙera furosesa. Ko da a masana'anta ɗaya aka yi su, a rana ɗaya, ba a samun guda biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Wata takan kai wani gudu da wuta kaɗan, wata sai an ƙara mata. Kamfani yakan zaɓi gudun da duk furosesoshin da ke ɗauke da suna ɗaya za su iya riƙewa na tsawon shekaru, ya bar 'yar tazara saboda tsaro. Wannan tazarar ce mai ƙara gudu yake ci. Da yake girmanta ya bambanta daga wannan furosesa zuwa waccan, saitin da ya yi wa wani aiki ba lallai ne ya yi wa maƙwabcinsa ba, ko da kayansu iri ɗaya ne.

Zamanin da tazarar ke da faɗi

Sunan da wannan dabara ta yi ya samo asali ne daga lokacin da ribarta ke da yawa. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha mai suna Celeron 300A, wadda ke gudu a megahaz 300, wato bugun tushe 66 sau 4.5. Masu sha'awa suka gano cewa idan aka mayar da bugun tushen zuwa 100, sai ta koma megahaz 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai tsadar gaske. Ƙarin kashi 50 cikin 100 ke nan ba tare da an kashe ko sisi ba.

A wajajen shekarar 2000, masu amfani da Athlon da Duron na kamfanin AMD sukan buɗe lambar ninkin da aka kulle ta hanyar goga fensir a kan wasu ƙananan gadoji da ke saman furosesar, domin baƙin fensir na wuce da wuta. A 2011 kuma Core i5-2500K ta fito da gudun gigahaz 3.3, mutane da dama suka riƙa kai ta 4.5 da fanka kawai, suka kuma yi shekaru suna aiki da ita a haka.

Waɗannan labarai su ne har yau ke yawo a bakin masu gyara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kamfanonin sun daɗe da koyon cin tazarar da kansu. Intel ya shigo da fasahar Turbo Boost a 2008, AMD kuma ya zo da Precision Boost tare da jerin Ryzen a 2017. Da waɗannan, furosesa na auna zafinta da wutar da take ja a kowane lokaci, ta ɗaga gudunta da kanta har iyakar abin da yanayi ya bari. Core i9-14900K da ta fito a watan Oktoban 2023 tana kai wa gigahaz 6.0 daga cikin kwali, babu wanda ya taɓa ta.

Saboda haka abin da ya rage wa mai ƙarawa da hannu bai taka kara ya karya ba. Alal misali, wanda ya ɗaga gudu daga gigahaz 5.5 zuwa 5.7 bai samu ƙarin da ya kai kashi 4 cikin 100 ba. Aikin da ke cin awa guda zai ragu da kimanin minti biyu ne kacal. Wani kamfani a Amurka mai suna Silicon Lottery, wanda sana'arsa ita ce gwada furosesoshi ya ware masu jure gudu ya sayar da tsada, ya rufe a 2021, kuma raguwar wannan tazara na cikin dalilan da ya bayar.

Gaskiya ne akan ji labarin masu kafa tarihi. A 2011 an kai AMD FX-8150 gigahaz 8.429, a watan Disamban 2022 aka haura gigahaz 9 da Core i9-13900K, a 2024 kuma aka wuce 9.1 da Core i9-14900KS. Amma wannan gasa ce ta 'yan daƙiƙoƙi, ana kwarara wa furosesar ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko ruwan hiliyom da ya fi shi sanyi. Ba ta da alaƙa da kwamfutar da ake neman abinci da ita.

Yadda gudu ke zama zafi

Idan aka ɗaga gudu, kowane makunni na da ɗan lokaci ƙasa da na da domin ya kammala kunnuwa. Kafin ya iya hakan sai an ƙara masa ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt. A nan matsalar take. Wutar da furosesa ke ci tana ƙaruwa daidai da ƙarin gudu, amma game da bolt, ninki biyu ake lissafawa. Idan aka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, aka kuma ƙara bolt da kashi 10, lissafin shi ne 1.1 sau 1.1 sau 1.1, wanda ya ba da 1.33. Wato gudu ya ƙaru da kashi 10, cin wuta ya ƙaru da kashi 33. Kusan duk wannan wuta zafi take komawa, a kan fallen da bai kai faɗin akwatin ashana ba.

Kowace furosesa na da iyakar zafin da aka yanka mata. Ga Core i9-14900K digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyos, ga mafi yawan Ryzen 7000 kuma digiri 95. Da zarar ta kai iyakar sai ta rage gudunta da kanta domin kada ta lalace. Wannan na nufin furosesar da aka ƙara wa gudu, amma ba a tanadar mata sanyaya mai kyau ba, tana iya yin aiki mai tsawo a hankali fiye da wadda aka bari yadda ta zo. Bugu da ƙari, yawan bolt tare da zafi na cinye ƙananan hanyoyin wuta na ciki sannu a hankali. Furosesar da ta yi shekara tana aiki lafiya sai ta fara tuntuɓe a saitin da ta saba, kuma irin wannan lahani ba ya gyaruwa.

Ba kowace furosesa ce ke yarda ba

A ɓangaren Intel, furosesoshin tebur masu harafin K a ƙarshen lambarsu su ne aka bar lambar ninkinsu a buɗe, kamar Core i5-13600K ko Core i7-14700KF. Harafin F na nufin ba ta da sashen nuna hoto na ciki, sai an haɗa ta da katin hoto. Waɗanda ba su da K a kulle suke. Ya kamata mai saye ya sani cewa masu K ba sa zuwa da fanka a cikin kwali, don haka kuɗin abin sanyaya na cikin lissafi tun farko.

A ɓangaren AMD, kusan duk Ryzen na tebur a buɗe suke. Inda aka samu bambanci shi ne masu X3D, waɗanda aka ɗora wa ƙarin ma'adanar wucin gadi domin wasanni. Ryzen 7 5800X3D ta 2022 ta zo a kulle, 7800X3D ta ba da dama kaɗan, sai 9800X3D ta ƙarshen 2024 da aka buɗe gaba ɗaya.

Kwamfutocin ofis da manyan kamfanoni ke haɗawa, waɗanda su ne suka cika kasuwar kayan hannu da ake kira tokumbo, galibinsu ba su da wannan saiti a BIOS ɗinsu. Haka ma mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka. Duk wanda ya yi alkawarin ƙara wa irin waɗannan gudu a kan wani kuɗi, ya dace a tambaye shi ta yaya.

Zaɓen madabod

Madabod shi ne babban allon da ake dasa furosesa da sauran kaya a kansa. Abubuwa uku ake dubawa a jikinsa, bi da bi.

Na farko shi ne soket, wato mazaunin furosesa. Furosesar Intel ba ta shiga allon AMD, kuma ko a cikin kamfani ɗaya soket na canzawa. LGA1700 da ya fito a 2021 na ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14 na Intel, yayin da Core Ultra 200S na 2024 ke buƙatar LGA1851. A AMD, soket AM4 na ɗaukar Ryzen tun daga na farko har zuwa jerin 5000, shi kuwa AM5 na 2022 na ɗaukar 7000 da 8000 da 9000. Haka nan irin RAM ya danganta da allon. AM4 na aiki da DDR4, AM5 da LGA1851 DDR5 kaɗai suke karɓa, allunan LGA1700 kuma akwai masu DDR4 akwai masu DDR5, ba a kuma musanya su.

Na biyu shi ne cifset, wato ƙaramin guntun da ke tafiyar da harkokin allon, wanda sunansa ke cikin sunan madabod. A Intel, sai cifset mai harafin Z, kamar Z690 da Z790 da Z890, ke bari a taɓa lambar ninki. B660 da B760 na barin a ƙara wa RAM gudu amma ban da furosesa, H610 kuwa ba ya barin ko ɗaya. Wanda ya sayi furosesa mai K ya ɗora ta a kan allon B ko H ya biya kuɗin ƙofar da ba zai iya buɗewa ba. AMD ya fi sassauci: B450 da B550 da X570 a AM4, da B650 da X670 da B850 da X870 a AM5, duk suna yarda. A520 da A620 da B840 ba sa barin a ƙara wa furosesa gudu.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne sashen rage wuta da ke kewaye da soket, wanda ake kira VRM. Akwatin wutar kwamfuta na aiko da bolt 12, furosesa kuma abin da take buƙata bai wuce bolt ɗaya da ɗoriya ba. Aikin wannan sashe shi ne saukar da wutar. Nauyin da ke kansa ba ƙarami ba ne: furosesar da ke cin wat 250 a kan bolt 1.25 tana jan amfiya 200. Allo mai araha, mai ƙarancin matakan rage wuta, wanda ba a ɗora masa ƙarfen zuƙe zafi a wurin ba, zai ɗau zafi ya tilasta wa furosesa rage gudu, ko da ita kanta a sanyaye take. Don haka a dubi girman ƙarafan da ke gefen soket, kada a tsaya kan fitilu masu launi.

Akwai kuma wata fa'ida da ta cancanci a nema, wato maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba. Allon Z690 da ya daɗe a shago ba zai gane furosesar zubi na 14 ba sai an sabunta shi, haka ma B450 da Ryzen 5000. A kuma kiyaye, ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta BIOS na iya kashe allo, saboda haka ba a yin wannan aiki sai da UPS ko inbata.

Sanyaya da yanayin ƙasarmu

Hanyoyi biyu ne aka fi amfani da su. Ta farko ita ce ta iska: wani gini na faranta alminiyam da bututan jan ƙarfe suka ratsa, fanka na hura iska ta tsakaninsu. A cikin bututan akwai ɗan ruwa da ke zama tururi a wurin zafi, ya hau sama ya huce, ya sake gangarowa. Manya daga cikinsu masu hasumiya biyu, irin su Noctua NH-D15 da Thermalright Peerless Assassin 120, na iya riƙe mafi yawan furosesoshi. Ta biyu ita ce ta ruwa, wadda ke aiki kamar lagireton mota: famfo na tura ruwa ta kan furosesa zuwa lagireto mai tsawon milimita 240 ko 280 ko 360, fankoki su huce shi. Manyan na ruwa sun fi ƙarfi, kuma furosesar da ke haura wat 250 kusan sai da su.

Amma kowace na da nata. A na iska, fanka ce kaɗai ke iya mutuwa, kuma ana samun madadinta a kowace kasuwar kwamfuta, daga Ikeja zuwa titin Beirut a Kano. A na ruwa, idan famfo ya tsaya zafi na hawa nan take, ruwan na raguwa da shekaru, kuma galibi sai dai a sauya na'urar ɗungurungum. Ga wanda ke nesa da manyan kasuwanni, wannan abin lura ne.

Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, babu ɗaya daga cikin hanyoyin biyu da ke ƙirƙirar sanyi. Kwashe zafi kawai suke yi su zuba shi a iskar ɗaki. Idan iskar ɗakin ta ƙaru da digiri 10, zafin furosesa ma zai ƙaru da kusan digiri 10. Gwaje-gwajen da ake gani a intanet galibi a ɗakuna masu sanyin digiri 20 da 'yan kai ake yin su. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, zafin rana a watan Afrilu na haura digiri 40. Furosesar da ta tsaya a digiri 85 a ɗakin gwaji na Turai, a shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki lokacin bazara ta riga ta kai iyakarta. Saitin da aka yi cikin sanyin watan Janairu ya zauna daram na iya rushewa a watan Afrilu.

Hunturun ma da nasa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara na toshe tsakanin faranta da ramukan lagireto, ta zama kamar bargo. Maganinta shi ne akwatin kwamfuta mai rariyar tace ƙura, da sanya fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa domin kada ƙura ta riƙa kutsawa ta kowace kafa. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a kuma riƙa hure shi akai-akai, ana riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa.

Kafin a sayi abin sanyaya a tabbatar yana da maɗaurin da ya dace da soket, a auna tsayinsa da faɗin akwati, a kuma duba ko zai danne wurin RAM. Wajen ɗaurawa, a cire ledar da ke manne a ƙasansa, kuskuren da ko ƙwararru kan yi. Sannan a ɗiga man da ke cike tsakanin ƙarfe da ƙarfe kamar girman ƙwayar wake, ba tare da an cika ba.

Batun wutar lantarki

Furosesar da aka ƙure tana aiki ne a bakin iyaka, don haka ba ta jure wasa da wuta. Akwatin wuta mara inganci, irin wanda ake rubuta masa adadin wat da ba ya iya bayarwa, shi ne ya fi saurin jawo asara, domin idan ya ƙone yakan tafi da allo. A nemi na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, wanda ƙarfinsa ya zarce buƙatar kwamfutar da rata mai kyau. Inda wuta ke hawa da sauka, ko ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, UPS mai fitar da tsaftatacciyar wuta ya zama wajibi.

Akwai kuma kuɗin wutar kanta. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Najeriya ta ɗaga farashi ga masu rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, kafin a ɗan rage shi daga baya. Idan ƙara gudu ya jawo ƙarin wat 80, ana aiki awa 8 kullum, a wata an ƙara yunit 19.2, wato sama da Naira 4,000 bisa wancan farashi. Ga mai dogaro da batir da hasken rana, ƙarin na nufin batir zai riƙa ƙarewa da wuri.

Darasi daga kamfanonin kansu

Abubuwa biyu da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna yadda tazarar ta ƙuntata. A watan Afrilun 2023 aka samu rahotannin ƙonewar wasu furosesoshin Ryzen 7000, musamman masu X3D, har da lahani ga soket. An danganta matsalar da yawan bolt da wasu alluna ke bai wa wani sashe na furosesar, AMD kuma ya fitar da sabuntawa da ta taƙaita shi a bolt 1.3.

A watan Yulin 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da 14 na neman bolt fiye da kima saboda kuskure a umarnin da ke cikinsu, abin da ke sa su tsufa da wuri su riƙa tsayawa a tsakiyar aiki. Kamfanin ya fitar da gyare-gyare ta hanyar BIOS a watannin Agusta da Satumba, ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Gyaran na hana lahani nan gaba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Duk mai irin waɗannan furosesoshi ya kamata ya sabunta BIOS ɗinsa, ko yana da niyyar ƙara gudu ko ba shi da ita. Mai sayen ta hannu kuma ya nemi a gwada ta a gabansa da aiki mai nauyi.

Kamfanonin biyu sun bayyana a sharuɗɗansu cewa garanti ba ya ɗaukar lahanin da ya samo asali daga gudanar da furosesa fiye da ƙa'idarta. Intel ya taɓa sayar da wani tsarin kariya na musamman ga masu ƙara gudu, amma ya dakatar da shi a 2021. A nan gida, inda mayar da kaya ga mai shi ke da wuya ko da garantin na nan, asarar a kan mai kwamfuta take faɗawa.

Ga wanda ya yanke shawarar gwadawa

Sannu ba ta hana zuwa. Da farko a adana muhimman fayiloli a wani wuri dabam, domin kwamfutar da ba ta zauna daidai ba na iya ɓata fayil ba tare da ta nuna alama ba. Sai a gwada na'urar yadda take, a rubuta sakamakon: manhajar Cinebench na auna ƙarfin aiki, HWiNFO kuma na nuna zafi da bolt da wat. Idan tun a nan zafin ya kusa iyaka, magana ta ƙare, sai a fara gyara sanyaya.

Idan akwai rata, a ɗaga lambar ninki da ɗaya kacal, a tayar da kwamfuta, a gwada ta da OCCT ko Prime95. In ta tsaya ko ta nuna shuɗin allo, ko dai a koma baya ko a ƙara bolt da ɗan ƙanƙanin mataki kamar 0.01. Barin allo ya zaɓi bolt da kansa na da haɗari, domin yakan ba da fiye da buƙata. Haka za a ci gaba har a kai inda ƙarin gudu kaɗan ke neman ƙarin bolt mai yawa. Nan ne iyaka, kuma hikima ita ce a ja baya da mataki guda. Gwajin ƙarshe ya ɗauki sa'o'i, a yi shi da tsakar rana a ɗakin da za a riƙa aiki, da irin aikin da aka saba. Idan kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya, a cire ta daga wuta, a zare ɗan batirin da ke kan allo na 'yan mintuna, saitin zai koma na asali. Manhajojin Intel XTU da AMD Ryzen Master na ba da damar yin gwajin daga cikin Windows.

Hanyoyin da suka fi dacewa da mafi yawan mutane

Ga mai neman sauri domin sana'a, akwai matakan da suka fi wannan riba. RAM da aka saya da alkawarin gudu mai yawa yakan tashi ne a gudun tushe, alal misali 4800 ga DDR5 da dama, har sai an kunna XMP a allon Intel ko EXPO a na AMD. Mutane da yawa na aiki shekara da shekaru ba su kunna ba. Shi ma a ƙa'ida nau'i ne na ƙara gudu, don haka a gwada shi da MemTest86 bayan an kunna.

Sai kuma dabarar da ta juya al'amarin, wato rage bolt maimakon ƙara shi. Tunda furosesar zamani na ɗaga gudunta ne gwargwadon sanyin da ta samu, rage mata bolt kaɗan na sa ta huce, ta daɗe a kan babban gudu, ta kuma rage cin wuta. A AMD ana yin haka da saitin Curve Optimizer, a Intel kuma da rage bolt a BIOS. Akwai ma saitin Eco Mode da ke saukar da Ryzen 9 7950X daga ajin wat 170 zuwa 105, kuma abin da ake rasawa na ƙarfin aiki bai kai abin da ake ragewa na wuta ba. A ɗakin da ke da zafi, wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Kafin duk wannan, ya dace a gano ainihin abin da ke jan aikin baya. Sau da yawa ba furosesa ba ce. Kwamfutar da ke kan tsohon faifai mai juyawa za ta sauya sosai idan aka sa mata SSD, mai tace bidiyo da RAM ɗinsa ke cika zai fi amfana da ƙarin RAM, wasanni da yawa kuma katin hoto suka fi dogara da shi. Shafin Task Manager na Windows na nuna wane sashe ne ke cika lokacin da aiki ya yi nauyi, kuma dubawar ba ta cin ko kwabo.

Ƙara gudu na da wurinsa. Mai tsohuwar furosesa mai K ko tsohuwar Ryzen da garantinta ya ƙare, mai allo da sanyaya masu kyau, na iya samun ƙarin shekara ɗaya ko biyu daga na'urarsa kafin ya sauya. Haka ma ɗalibi ko mai sha'awa da ke son sanin yadda kwamfuta ke aiki, matuƙar ba da ita yake ciyar da gida ba. Amma mai shagon da kwamfuta ɗaya ce jarinsa, kada garin neman gira ya rasa ido. Bambancin kuɗin da ke tsakanin furosesa mai K da allon Z, da kuma takwarorinsu na yau da kullum, ya fi amfani idan aka zuba shi a abin sanyaya mai kyau, da akwatin wuta na gaske, da UPS da zai riƙe aiki idan an ɗauke wuta.